Wanda Aka Ci a Wasa, Yaya Za a Yi da Shi?



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan masu lido a garin nan, ko a bakin kasuwa ko wajen tashar jirgin ƙasa, ya san ba a cika rigima a kan jifa ba. Shida shida ce, kowa ya gan ta da idonsa. Inda murya ke tashi shi ne lokacin da aka ci wa mutum ɗa. Nan za ka ji wani ya ce ɗan da ya yi ci ya fita ke nan, ya gama aikinsa. Wani ya ce a'a, a bencinmu sai ya zagaya ya shiga gida da ƙafarsa. Wani ya ce 'ya'ya biyu in sun hau kan juna sun zama katanga, ba a cin su ba a tsallake su; wani ya ce wannan dokar wani gari ce, ba ta aiki a Kafanchan. Allon iri ɗaya ne ko'ina, amma kowane benci da dokarsa, kuma in ka duba dokokin nan kusan duk a kan abu ɗaya suke: wanda aka buge, yaya za a yi da shi?

Mun san wani zai ce, "Haba Malam, duk abin da ke damun mu, tsadar abinci, rashin wuta, yaran da suka gama makaranta ba aiki, sai maganar wasa?" To ba mu muka nemi maganar ba, ita ta same mu har zaure, kuma za mu zo kanta. Sannan a ganinmu, kafin yaro ya san hanyar kotu ya riga ya san adalci da rashinsa a dandali: ranar da aka ce ya fita daga langa alhali bai saki ƙafarsa ba, ko ranar da aka ƙyale mai ƙwallo ya ci gaba da wasa bayan ya yi laifin da aka kori wani a kansa. Da yawanmu har yau muna tuna wannan ɗacin, furfura ba ta goge shi ba.

Kafin mu yi nisa mu cire wata ƙaya. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san an hana wasan nardi da shaɗaranji a cikinta, kuma malamai da yawa suna sa lido a sahun nardi saboda jifar da ke cikinsa. Wannan rubutu ba fatawar halatta komai ba ne. Abin da muke faɗa a masallaci yana nan: wasan da aka sa kuɗi caca ne, wasan da ya ci lokacin salla ya ci mai shi. Amma samari suna zaune suna yi, kullum muna wuce su, kuma wanda aka cuta a wurin an cuce shi, ko da shi kansa zaman abin tattaunawa ne. Wannan ɓangaren muke son dubawa.

Kakanninmu, da waɗanda suka taso daga Jama'a Sarari da waɗanda jirgin ƙasa ya kawo bayan 1927, dara suka sani. A tona gurabe 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Ka jera uku, ka cire wa abokin karawarka ɗa ɗaya. Ɗan da aka cire ya tafi ke nan, ba jinya ba fansa. Amma ba mu taɓa jin wanda ya kira dara muguwa ba, don babu sa'a a cikinta. In an ci ka, kai ka buɗe ƙofa. Kuma wasa ne gajere, tsinken ba shi da suna, ana gamawa a kwashe 'ya'ya a sake dasawa.

Lido, wanda asalinsa wasan Indiya ne kafin Turawan Ingila su mai da shi yadda muka san shi a 1896, ya bi wata hanya. Ɗan da aka ci ba ya mutuwa, gida yake komawa, ya rasa duk tafiyar da ya yi, ya zauna jiran shida. A ido wannan ya fi dara tausayi. Amma wanda aka ci wa ɗa saura taku biyu ya shige, sannan ya yi zagaye goma shida ta ƙi zuwa yana kallon wasu suna wucewa, zai gaya maka wannan tausayin akwai magana a cikinsa.

Dambe kuwa kalmar da ta fi kowace nauyi ya ɗauka. In hannun ɗan dambe ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi. Ga mamacin nan ya miƙe yana kakkaɓe ƙura, gobe ma zai shiga fili. Sai dai kisan bai tafi a banza ba, don makaɗa sun riƙe shi, 'yan kallo sun riƙe shi, duk garin da ya je za a ce wane ne ya kashe shi a wuri kaza. Ya tsira da ransa, ya tafi da tabo. Ku riƙe mana wannan, za mu bukace shi a gaba.

Abin da ya jawo wannan rubutu wani wasa ne da wasu samarinmu 'yan jami'a suka dawo da shi gida lokacin dogon yajin aikin malamansu na 2022, kuma har yau ba su bar shi ba. Ba ya bukatar allo. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, an rubuta shi a takarda: sunansa, sana'arsa, ƙarfinsa, wayonsa, da wani adadi da suke kira ransa. In mutuminka zai yi abu mai haɗari, ya tsallake rafi ko ya tari ɗan fashi, sai a jefa dayis a ga ko ya dace. In aka ji masa ciwo, a rage adadin ran nan. A Amurka aka ƙirƙiro irin wannan wasa; wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974 da sunan Dungeons & Dragons. Nasu cike yake da dodanni da matsafa. Namu yaran, Allah Ya yi musu albarka, suka zubar da wannan suka mai da shi labarin ayarin fatake da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ga fito a Kwara, ga 'yan fashi, ga kura, ga zazzaɓin damina. Mai ba da labarin ma Madugu suke ce masa.

Bambancinsa da lido a nan yake. Ɗan lido ba shi da suna. Wannan kuwa yana da suna, yana da garinsu, da bashin da ake bin sa, da jakin da yake ji da shi, kuma mai shi yakan yi wata biyar ko shida yana tafe da shi mako bayan mako. In ya mutu, an yage takardar. Su kansu masu wasan can ba su tsaya a magana ɗaya ba. A bugun farko, ran mutuminka na kaiwa sifili ya mutu, ba wata-wata. A bugun 2014 sai suka ce suma yake yi, a riƙa jefa dayis mai fuska 20; 10 ko sama alheri ne, ƙasa da haka sharri, in alheri uku suka riga sharri uku ya rayu. A littafin da suka yi wa mai ba da labari har da jerin raunukan da ba sa warkewa, rasa ido, rasa hannu, ɗingishi, tabo a fuska, suka bar wa kowane zama ya ɗauka ko ya bari. Akwai ma wani wasan mai suna Traveller na 1977 da mutuminka kan iya mutuwa tun ana rubuta tarihinsa, ba a ko fara tafiya ba. Wato gardamar da masu lidonmu ke yi a bakin kasuwa, su ma can shekara da shekaru suna yin ta.

To ga abin da ya faru. Su shida ne ke zama. Biyar 'yan unguwar nan, na shidan abokin karatunsu ne, Kirista, daga wajen Aduwan, yana zuwa ranar Asabar bayan la'asar ya koma kafin magariba, kamar yadda iyayensa suka gindaya masa. A cikin namu akwai maraya wanda ya rasa mahaifinsa a rikicin Afrilun 2011 yana ƙaramin yaro. Da zai rubuta mutuminsa sai ya ba shi sana'ar mahaifin, dukanci, ya ba shi har da laƙabin da ake kiran marigayin da shi a kasuwa. Dokarsu a lokacin ita ce, in mutum ya riga ya jikkata aka sake harbinsa, Madugu zai jefa dayis biyu a bayan littafin da yake tsayarwa a gabansa, in suka haɗa 10 ko fiye, kibiya ta yi kisa. Wata Asabar 'yan fashi suka tare ayari, kibiya ta nufi badukun nan. Madugu ya jefa, 11 ta fito. Ya dubi marayan, ya ce kibiya ta kuskure. Wanda ke zaune kusa da shi ya ga lambar, ya yi shiru.

Bayan mako biyu kibiya ta nufi mutumin baƙon nasu, wani mai ganga da ya yi wata huɗu yana tafe da shi. Aka jefa, 10 ta fito, Madugu ya ce Allah Ya yi masa rasuwa. A nan wanda ya yi shiru rannan ya kasa daurewa, ya faɗi abin da ya gani. Baƙon bai yi hayaniya ba. Ya ninke takardarsa ya ce, "Na gane," ya hau mashin ya tafi. Duk ɗan Kafanchan ya san nauyin "na gane" ɗin nan.

Da suka zo mana, Madugu ne ya fara magana, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba Liman, wallahi ban yi don addini ko yare ba. Ni dai na ga in na kashe masa mutumin nan, kamar na sake kashe babansa ne a gabansa." Mun yarda da shi ɗari bisa ɗari, mun san yaron, mun san gidansu. Tambayar da suka ajiye mana ita ce, abin da ya yi jinƙai ne ko ha'inci?

Akwai masu cewa wasa wasa ne, an taru ne don a ji daɗi, kuma mai ba da labari uba ne a zaman, yana da ikon kau da kai in ya ga dayis zai ɓata zumunci. Wannan magana tana da ƙafa. Wanda aka kashe wa mutum ya zama ɗan kallo, ɗan kallo kuwa mako biyu uku sai ka neme shi ka rasa, kuma mu a garin nan ba mu da yawan wuraren da yaranmu da na maƙwabta ke zama tabarma ɗaya har da za mu yi wasa da wanda ya rage. Akwai kuma masu cewa in ba mutuwa ba tsoro, in ba tsoro ba jarumta. Wanda ya san kibiya ba za ta taɓa samun sa ba, shigarsa gaba ba bajinta ba ce. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin gaskiyar wannan. Yaron da aka ba jari, kullum ya karye uba ya cika masa, har ya tsufa ba zai iya ciniki ba. Wanda ya sayi citta a Kachia ko Kwoi ya ajiye yana jiran ta yi kuɗi, sanin cewa tana iya faɗuwa shi ke sa ya buɗe buhu ya duba bushewarta da kyau. Manomanmu da cutar ruɓewa ta cinye wa gonaki a 2023 ba wanda ya jefa musu dayis a bayan littafi.

Amma mu da muka zauna da maganar, sai muka ga ɓangarorin nan biyu suna jayayya ne a kan yawan sassaucin da ya kamata, alhali ciwon yana wani wuri. Ciwon shi ne yaushe aka yanke sassaucin, kuma wa ya yanke shi.

A nan karatun zaure ya taimake mu. Wanda ya kai babin jini da raunuka a fiƙihu zai tuna yadda aka bi jikin mutum gaɓa-gaɓa aka sa wa kowace kima. Diyyar rai raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya, ido ɗaya haka. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5, saran kai da ya bayyana ƙashi 5. Muna yara mukan yi mamakin wannan ƙididdiga, har muna dariya a ɓoye muna lissafa kuɗin haƙoran juna. Sai da muka girma muka ga hikimar. An rubuta kimar yatsa tun ba a san yatsan wa za a sare ba. Ranar da abin ya faru, alƙali ba ya duban fuskar mai rauni ya ga ko attajiri ne ko ɗan dako kafin ya faɗi adadi. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Dokar da aka kafa kafin jifa ta kowa ce, don mai kafa ta bai san ko a kansa za ta faɗa ba. Wadda aka kafa bayan an ga lamba kuma an ga fuska, ko da zuciya fara aka yi ta, ta mutum ɗaya ce.

Abu na biyu a babin nan ya fi wannan shiga rai. Afuwa tana nan, an ma kwaɗaitar da ita, amma a hannun wanda aka yi wa rauni take ko magadansa. Alƙali ba ya yafe haƙƙin wani don tausayi ya kama shi, balle ya yafe a ɓoye sannan ya rubuta cewa ba a yi laifin ba. Ba muna daidaita shari'a da wasan yara ba ne, Allah Ya tsare, ma'aunin kawai muka aro. Su shida nan kowa ya miƙa ran mutuminsa ga dayis bisa yarda cewa abin da ya fito shi za a faɗa. Wannan yarda ta su duka ce, amana ce a hannun Madugu. Da ya ɗaga littafin ya ce, "Jama'a, 11 ce ta fito, amma kun san wane ne badukun nan a wurin ɗan'uwanmu, me kuka gani?" muna da yaƙinin baƙon nan ne zai fara cewa a bar shi. Da an yi haka, kyautar ta zama tasu su biyar. Sai ya ɗauki abin da ba nasa ba ya yi sadaka da shi.

Wani daga cikinsu ya ce mana, "To Malam, ai ku ma kuna bari jikokinku su kayar da ku a kokawa." Gaskiya ne, kuma muna faɗuwa da ƙara har da shure-shure. Amma duk gidan sun san wasa ne, shi ma jikan in ya kai shekara bakwai ya sani. Gwanin dara yakan ce wa sabon shiga na ba ka 'ya'ya biyu, a gaban kowa, kafin a dasa. Babu wanda aka rufe a nan. Rangwamen da aka faɗa da baki a fili girmamawa ne ga ƙarami, kuma bai rage wa na uku komai ba.

Abin da bai zo mana a rai ba sai da muka gani shi ne, a cikinsu duka marayan ya fi kowa jin ciwo. Mako biyu yana ba da labarin yadda badukunsa ya sha da ƙyar, yana ganin sa'arsa ce, har yana cewa albarkar mai sunan ce. Rana ɗaya ya gane tausayinsa aka ji. Ya ce mana, kansa a ƙasa, "Baba, tun ina firamare ake yi mini haka. In an zo rabon abu a ce a ba maraya, in na yi laifi a ce a ƙyale maraya. Nan ne kaɗai na ɗauka ni da kowa ɗaya ne." Wallahi maganar nan ta tsaya mana a maƙoshi. Mukan ɗauka jinƙan ɓoye ya fi tsarki, kuma a sadaka haka ne, hannun hagu kada ya san abin da dama ta bayar. Amma sadaka daga aljihunka take fita, kuma mai karɓa ya san an ba shi. Wannan kuwa an sa yaro ya yi alfahari da abin da bai samu ba. An hana shi abu guda da ya zo nema a tabarmar, wato a auna shi da mudun da ake auna kowa.

Shi kuma baƙon, me ya sa bai tsaya ya ji bayani ba? Don garin da ya tashi a ciki ya riga ya ba shi bayani. Daga rikicin Maris 1987 da ya faro a Kwalejin Ilimi, zuwa na 1999, zuwa na 2011 da kasuwarmu ta ƙone, ba a taɓa rasa kwamitin bincike ba. Amma ka zauna da namu dattawan, ka zauna da na Fantswam ko Kaninkon ko Bajju, za ka ji kowa da lissafinsa na waɗanda aka kama daga ɓangarensa da waɗanda aka saki daga ɗaya ɓangaren. Kowa yana ganin an jefa dayis a bayan littafi. Ba mu zo yanke wa kowa hukunci a shafin nan ba. Muna cewa ne a gari irin wannan, duk sassaucin da ba a yi shi a fili ba, da wuya a karanta shi da sunan tausayi; da sunan ɓangaranci za a karanta shi, ko mai yin sa waliyyi ne. Yarjejeniyar zaman lafiya da al'ummomi 29 na ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu a garin nan a Maris 2016, ko me mutum zai ce game da cikarta, darajarta ita ce an zauna an faɗi sharuɗɗa kowa yana ji.

Saura tambayar farko, wadda ba ta shafi ɓoyo ba: in za a kafa doka a fili tun farko, wace iri ta fi? Ta dara, ta lido, ko ta dambe? Mu dai ta dambe muka zaɓa, kuma kasuwa ce ta koya mana. Bayan gobarar 2011 da yawanmu mun wayi gari ba ko allura. Waɗanda suka tashi a cikinmu ba yafe musu bashi aka yi ba, kuma ba a ce komai bai faru ba. Iyayen gidanmu na Kantin Kwari da sauran wurare sun ce bashi yana nan, amma ga kaya kaɗan, je ka juya, ka biya a hankali. Mai shago uku ya koma tebur ɗaya. Asara ta tabbata, tabonta yana nan, wasu har yau ba su koma yadda suke ba, amma ba a kore su daga kasuwa ba. Da an share asarar gaba ɗaya da ba mu koyi raba kaya wuri biyu ba. Da an ce wanda ya faɗi ya faɗi ke nan, da yau rabin layinmu baƙin fuska ne.

Ba mu rubuta musu doka ba, don ba mu san wasan kamar su ba. Mun ce dai uku: a faɗe ta kafin jifa, a jefa a tsakiyar tabarma, kuma duk rangwame ya fito daga bakin jama'a. Sauran su suka tsara, suka kawo mana muka gani, har ta ba mu sha'awa. Yanzu in ran mutum ya ƙare ba ya mutuwa nan take. Mai shi ne zai jefa dayis ɗaya da hannunsa. In 1 ce ya rasa ido, ba ya ƙara hango 'yan fashi daga nesa. In 2 ce hannu ya shanye, 3 ɗingishi, ayari ya riƙa jiran sa, 4 kayansa sun tafi ya koma yaron wani, 5 jinyar mako biyu, mai shi ya riƙe ɗan rakiya kafin nan, 6 tabo kawai da sabon laƙabi. Rauni ba ya gogewa a takarda. Wanda ya tara uku, faɗuwa ta huɗu ita ce ajali, kuma mai shi ne zai faɗi yadda mutuminsa ya cika da wasiyyar da ya bari. A zaman nan nan zai dawo da magaji, ɗa ko ƙane ko bara, ya gaji jaki ya gaji bashi. Littafin da Madugu ke tsayarwa kuwa an kwantar da shi.

Ɗayansu, wanda ya fi son tsanani, ya ce wannan doka ta yi laushi, mutum sai ya faɗi sau huɗu? Muka ce ya bari ya ga mai ido ɗaya da ɗingishi ya tunkari fito a Kwara da damina, sannan ya zo ya gaya mana ko tsoro ya ragu. Mu a ganinmu mai rauni biyu ya fi mai lafiya sanin darajar taku, kuma labarinsa ya fi daɗin ji.

Madugu da marayan suka hau mashin ɗaya suka je Aduwan, muka haɗa su da goro da gaisuwa ga mahaifin yaron, wanda mun daɗe muna ciniki da shi. Sun yi masa tayin a ta da mai gangarsa, a ce suma ya yi. Ya ƙi. Ya ce 10 ce ta fito kuma doka a ranar ta ce 10 kisa ce, shi bai taɓa neman a canza masa lamba ba. Marayan ya ce to shi ma 11 ce tasa, a yage takardar baduku. Baƙon ya ce a'a, wannan kuma shi ya yafe, in sauran sun yarda, amma a jefa masa rauni a gaban kowa. Asabar ta gaba aka jefa, 3 ta fito. Baduku yana ɗingishi har yau, a bayansa kuma akwai ƙanen mai ganga da ya zo karɓar gadon ɗan'uwansa.

Akwai magana ɗaya da suka kasa daidaitawa, suka sake dawo mana da ita. Wai in ajalin mutumin wani ya zo, shin wani yana iya cewa a ɗora wa nawa rauni biyu a bar nasa? Uku sun ce ya halatta, ai dukiyarsa ce ya bayar, kuma a fili ya bayar. Biyu sun ce in aka buɗe wannan ƙofa, mai farin jini ba zai taɓa mutuwa ba, wanda ba shi da aboki na kusa shi kaɗai kibiya za ta riƙa samu, an koma gidan jiya ta wata hanya. Madugu ya ce shi bakinsa alaikum, ya sha isasshe. Mun juya ta ta nan mun juya ta ta can, kowane ɓangare muka tsaya sai mu ga hujjar ɗayan. Mun ce su ci gaba da tsohuwar dokarsu har ayari ya isa Gwanja, kada a taɓa ta ana tsakiyar tafiya, in sun sauke kaya sai a zauna. Dattawan layin 'yan citta da na majalisar bakin masallaci da ke karanta wannan shafi, wanda yake da abin cewa a kan fansar nan ya same mu a shago bayan azahar, ko ya ba editan mujalla a rubuce.